Motar da aka ce ba ta ciwo: ku zo mu faɗi abin da muka gani

Mai Farar Mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in amayar da shi in ji ko ni kaɗai ne. Shekara 3 ke nan da na sayi motata, ƙirar Japan, ta kamfanin nan da duk wanda ka nemi shawararsa zai ce maka rufe ido ka saya. Ba zan kama sunansa ba, kuma ina roƙon duk mai ba da labarin tasa motar shi ma kada ya kama. Na sayar da wata da nake matuƙar so, na yi ciko na ɗauko wannan, ba don kyau ba, ba don gudu ba, sai don in huta da zaryar gareji.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu, wata safiya ina shan kwana sai fitilar baƙin mai ta ƙifta ta ɗauke. Na gangara gefe, na buɗe bonet, na zaro sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarowa. A bushe take, sai ɗan laima a can bakinta. Alhali ko wata 2 ba a yi da juye ba. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar, babu yoyo ko ɗigo ɗaya. Tun daga ranar ba na rabuwa da galan ɗin baƙin mai a but.

Wallahi shan man bai yi mini zafi kamar yadda aka ƙi yarda da ni ba. Makaniken farko cewa ya yi irin wannan motar ba ta haka, sai dai in jabun mai nake zuba mata. Yayana ya ce sakacina ne. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda irin wannan motar ta ba shi kunya, don Allah ya faɗa mana abin da ya faru da yadda ya ƙare.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, ba kai kaɗai ba ne. Ni inji bai taɓa ba ni matsala ba, gaskiya ɗaya ce. Dashbod ne ya narke. Da farko ya fara ƙyalli kamar an shafa masa mai, daga baya ya koma danƙo, in ka ɗora yatsa sai ka ji yana kamawa, ƙura kuma ta manne ta ƙi fita. Yarana sun taɓa ajiye takarda a kai, har yau rabin rubutun yana nan liƙe. Wani zai ce ai wannan maganar kwalliya ce. Ba haka ba ne. Da tsakar rana ƙyallin yana komawa kan gilashin gaba, sai hanya ta yi mini fari fat. Ranar da na kusa taka wani mai keke saboda ban gan shi ba, jikina ya daɗe yana rawa. Yanzu baƙin kyalle na shimfiɗa a kai.

Direban Dogon Zango:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Tawa ta haura kilomita 400,000, ba a taɓa buɗe injinta ba. Kulochi sau biyu, famfon ruwa sau ɗaya, sai birki da taya. Sunan nan ba a banza aka same shi ba. Sai dai tsohuwar ƙira ce, giyar hannu, babu tarkacen kwamfuta da yawa. Abin da zan yarda da ku a kai shi ne ƙara. In na yi tafiyar awa 6 kunnena har amsa-kuwwa yake yi, ƙarar taya da ta iska duk suna shigowa kamar ƙofa a buɗe take, kujerar kuma tana gajiyar da baya.

Tsohon Makanike:
Mai Farar Mota, ɗana, na yarda da kai, don na buɗe irin injin nan da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bari in gaya maka inda man yake zuwa.

Kowane fistin yana da zobba guda 3. Biyu na sama su ke riƙe ƙarfin wuta, na ƙasa shi ke share baƙin mai daga jikin silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan huduji da ke bayansa. Da masu ƙera motoci suka shiga tseren rage shan fetur, sai suka sirantar da zobban suka rage musu matsi don inji ya riƙa juyawa da sauƙi. A wasu injuna hudujin sun yi ƙanƙanta. Mai ya ƙone a wurin, ya zama gawayi, ya toshe su, zoben ya maƙale a gurbinsa. Daga nan man da ya kamata ya koma ƙasa sai ya haura a ƙone shi tare da fetur. Ba za ka ga yoyo ba. Sau da yawa ko shuɗin hayaƙi ba za ka gani ba, saboda tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana cinye shi, har ita ma ta toshe daga baya. Zare fulogi ka duba: in ka ga toka ta taru a kansa ta yi ɓawo, to ga shaidarka.

Kafin a kai ga buɗe inji a fara duba bawul ɗin PCV, wato wanda ke fitar da tururi daga inda baƙin mai yake ya mayar da shi a ƙone, ƙaramin abu ne, in ya lalace shi ma yana sa shan mai. In zobban ne kuwa, babu ruwan kwalba da zai gyara maka su gyara na har abada. Sai an sauke fistin.

Amma zan faɗi ɗaya gefen, ko da ba zai yi daɗi ba. Sunan motar nan ya kashe motoci da yawa. Mutum ya ji an ce ba ta mutuwa, sai ya yi shekara bai leƙa bonet ba. An rubuta 0W-20 ko 5W-30 a murfin mai, shi kuma ya zuba 20W-50 don ya ji an ce mai kauri ya fi. Injunan yanzu da matsin baƙin mai suke sarrafa lokacin buɗe bawul, ta hanyoyi siriri kamar allura, mai kauri ba ya isa wurin da wuri in an tayar da mota da sanyi. Ga jabun tacen mai da aka buga wa tambarin kamfani. Na yanka wani na gani, takardar ciki ko rabin ta asali ba ta kai ba. Don haka in makanike ya zargi mai mota, ba kullum ne yake ƙarya ba. Laifinsa shi ne yanke hukunci kafin ya duba.

Mai Farar Mota:
Baba, Allah ya saka da alheri. Man da aka rubuta shi nake sawa, kuma ina da rasit na kowane juye. Gobe zan sa a zare fulogi.

Ɗan Autan Gida:
Yaya, ni giya ce ta karya mini gwiwa. Sabuwa dal na saya, mai giyar CVT. Ban san bambancinta da otomatik na da ba sai da na shiga ciki. Ita ba ta da haƙoran da ke canzawa daga ɗaya zuwa biyu, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fule biyu masu buɗewa da tsukewa. In na taka totur zan wuce babbar mota, inji ya yi ta gurnani a murya ɗaya, motar kuma sai ta yi jinkiri kafin ta miƙa. Na saba da wannan. Abin da ban saba da shi ba shi ne kakkarwar da ta fara yi a cunkoso, kamar ana fizgar ta daga baya.

Na kai wa dila sau 3 tana cikin garanti. Su jona kwamfuta, su ce ba ta nuna komai ba, su wanke motar su miƙo mini makulli. Na tambayi batun canza man giya, suka ce na har abada ne, ba a taɓa shi. Garanti na ƙarewa da 'yan watanni ta ƙi ja a kan tudu. Da aka sauke man, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna, maganaɗisun da ke cikin faranti ya cika da garin ƙarfe. Ba a gyara ta ba, sai dai aka sauya giyar gaba ɗaya, daga aljihuna. Da na san haka ne da kowane zuwa na sa sun rubuta ƙorafina a takarda sun sa hannu. Baki da baki muka yi, shi ya sa ba ni da abin nunawa.

Malama Mai Haibirid:
Tawa haibirid ce, wato mai aiki da fetur da lantarkin batiri, kuma a shan fetur ba ni da abin cewa sai godiya. Matsalata ba wanda ya gaya mini cewa babban batirin yana da fanka da ke jawo iska daga cikin mota ta wata 'yar taga kusa da kujerar baya. Shekaru ina jingina jaka a daidai wurin. Da fitilu suka kunno a dashbod aka buɗe, fankar ta cushe da ƙura da zare kamar auduga, zafi ya riga ya raunana wasu ƙwayoyin batirin. Na sha kai ta sabis, ba a taɓa share wurin ba, ba a kuma taɓa ambata mini shi ba. Masu irin tawa, ku je ku duba tagar nan yau.

Mai Bibiyar Labarai:
Ba labarin motata zan bayar ba, ina so ne in ce wa masu cewa motar Japan ba ta kuskure su koma su duba tarihi, kamfanonin da kansu sun amsa. A 2009 da 2010 Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda tabarmar ƙafa da ke danne totur da kuma totur mai maƙalewa. Shugabanta Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010, a 2014 kuma kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 kan yadda ya ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin. Nissan ta ninka garantin giyar CVT na motocin 2003 zuwa 2010 ya koma shekara 10 ko mil 120,000. A Disambar 2023 Daihatsu ta dakatar da fitar da dukkan motocinta bayan an gano maguɗi a gwaje-gwajen kariya. A Yunin 2024 ma'aikatar sufurin Japan ta bayyana cewa an samu saɓa ƙa'ida a gwajin neman takardar amincewa a Toyota, Honda, Mazda, Suzuki da Yamaha.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na jakar iska ta Takata, don shi rai yake ɗauka. Sinadarin amoniyam naitret da suka yi amfani da shi wajen hura jakar yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima. Ranar da aka yi karo, maimakon jakar ta buɗe ta kare ka, gwangwanin ƙarfen ne ke tarwatsewa ya watso ɓaraguzai a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an janye jakunkunan iska kusan miliyan 67, a motocin kamfanoni da dama, na Japan da waɗanda ba na Japan ba, Takata kuma ta durƙushe a 2017. Motocin da abin ya shafa da yawa suna kan hanya har yanzu, sun sauya hannu sau biyu sau uku, wasiƙar kira ba ta taɓa isa ga mai su na yanzu ba. Lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A sa ta a shafin kamfanin motar, ko a shafin NHTSA, hukumar da ke kula da kariyar motoci a Amurka, in an fara sayar da motar a Amurka ne, zai nuna ko akwai kiran da ba a amsa ba.

Direban Dogon Zango:
Wannan na jakar iska ban taɓa dubawa ba, kuma tawa tsohuwa ce. Yanzu zan fita in kwafo lambar. Na gode Malam.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan Auta, maganarka ta rubuta ƙorafi ta shige ni. Ni ma da na je kan dashbod cewa aka yi turaren mota nake fesawa shi ya ɓata shi. Ban taɓa fesa komai ba. Na dawo gida ina zargin kaina, har na tsare yara da tambaya ko su suka zuba wani abu. Sai da na ga wata mota irin tawa a wurin ajiye motoci, na leƙa ta gilashi, na ga nata dashbod ɗin ya fi nawa narkewa, sannan hankalina ya kwanta.

Mai Farar Mota:
'Yan'uwa na dawo da bayani, ku gafarce ni na daɗe. An zare fulogi, guda 2 cikin 4 sun yi ɓawon toka kamar yadda Baba ya faɗa. An canza bawul ɗin PCV, ba abin da ya ragu. Daga nan na koma wurin dila, wannan karon na ce a rubuta komai. Suka yi juye, suka cika mai daidai layin sama, suka liƙe murfi da sandar awo da hatimi don kada in taɓa, suka ce in dawo bayan kilomita 2,000. Na dawo. A gabana aka auna, lita 1.5 ta tafi.

Sai shugaban masu gyaran ya buɗe littafin motar ya nuna mini inda aka rubuta cewa har lita 1 a kilomita 1,000 ba a ɗauke shi matsala ba. Tawa 0.75 take sha, don haka a wurinsu lafiyarta ƙalau. Na ce masa injin nan gaba ɗaya abin da yake ɗauka bai wuce lita 4 da 'yan kai ba, ku kuma kun ce in riƙa juye duk kilomita 10,000. A lissafinku ke nan zan ƙara lita 7 da rabi tsakanin juye da juye, wanda bai duba ba kuma injinsa zai bushe tun kafin lokacin juye ya zo. Ya yi shiru, sannan ya ce shi abin da ke rubuce yake bi. Aƙalla dai ya ba ni takardar awon da sa hannunsa, yayana ma ya karanta ta.

Baba Makanike, shawara nake nema. Motar tana kilomita 140,000, giya da ƙafafu duk lafiya. In sauke fistin a canza zobba yanzu, ko in ci gaba da ƙari ina duba sanda duk mako? In an buɗe kuma, me zan ce a auna a jikin silinda kafin a mayar?