Kowa na tambaya sai ya ce "rashin jari", don Allah ku ba ni shawara

Ɗiyar Ader: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗau zafi. Ina aikin ba da shawara ga ƙungiyoyin manoman albasa da mata masu ƙananan sana'o'i, a wani furoje nan jihar Tahoua, ba sai na faɗi sunansa ba. Aikin nan ban same shi da sauƙi ba. Na gama karatu a Yamai, na dawo gida na zauna har Inna ta fara cewa in bar zancen takarda in bi ƙanwarta saida turare. Sai Allah Ya kawo wannan, aka yi jarrabawa, aka ɗauke ni gwaji, ƙarshen shekara za a duba ko a riƙe ni ko a sallame ni. Ƙannena ni ke biya musu kuɗin lakwal, Baba kuma ido ya hana shi aiki.

Akwai takardar tambayoyi da aka ba mu daga biro, ita nake bi. Mene ne babbar matsalarka? Rashin jari. Me kake bukata? Jari, ko injin ban ruwa. Daga Galmi har Madawa amsar ke nan, kamar sun haɗa baki. Na kai rapor, shef ya maido mani ya ce wannan kowa ya san shi tun ba a haife ni ba. Abin da ya fi ƙona mani rai, wani manomi da na rubuta wa "rashin jari", a hanyar dawowa direbanmu ke ce mani ai mutumin nan tun albasa na cikin garka yake cinye kuɗinta wajen dillali, duk shekara haka. Direba ya sani, ni da aka biya don in sani ban sani ba. Wace irin tambaya ake yi mutum ya faɗi abin da ke damunsa na gaskiya?

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba ƙarya sunka yi miki ba, abin da kinka tambaya shi sunka ba ki. Kin sauko daga mota mai tambarin furoje, kaye da bik a hannu, kin ce mi kake bukata. Wa zai ce ba ya son kuɗi? Ki daina tambayar ra'ayi, ki tambayi abin da ya faru. Albasar bara yaushe ka cire ta? Wa ya saye? A garka aka auna ko kasuwa ka kai? Kuɗin duka aka damƙa maka, ko an cire wani abu? A wagga ta ƙarshe bashin dillali ke fitowa da kansa, ba tare da kin ambaci bashi ba. Kowa a Ader ya san lokacin cirar albasa, wajen watan Maris da Afrilu, kasuwa ke cika farashi ya faɗi, wanda ya iya ajiye tasa cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, har damina shi ke cin riba. Manomi ya fi ki sanin haka. In ya saida da wuri akwai abin da ya kama shi, shi za ki nema. Amma kada ki ce masa don mi ka yi haka, zai ji kamar gaban alƙali yake, ya shiga kare kansa. Kuma in kin yi tambaya ki yi shiru. Ku yaran yanzu ba ku iya shiru ba, mutum na tunani kun jefo ta biyu.

Hajiya Mai Asusu: Ƙanwata ba ki faɗa mana ba, wa da wa ke zaune in kina tambayar? Don mace ba za ta faɗi ribarta gaban kishiya ko uwar miji ba, ko da kin iya tambaya kamar me. Mu a asusun Mata Masu Dubara, tun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara abin a Maradi a 1991, tsakaninmu muke zuba kuɗi, tsakaninmu muke sanin wadda ta shiga matsi, ba wanda ya zo mana da takarda. Amma ni gaskiya na gaji da masu tambaya. An zo unguwarmu an tara mu cikin rana, an tambayi awakinmu nawa, me muke ci da dare, an ɗauki hoto, an tafi. Har yau ko saƙon gaisuwa. Wasu suka sake zuwa da tambayoyin nan dai. To me zai sa mu buɗe ciki?

Ɗan Kwanni: Ni ban yarda da Malam ba. Tambayar ce ma ta yi yawa. Na taɓa biyan wani mai ba da shawara a Yamai kan shagona, jikka mai yawa, duk abin da na ce sai ya ce "to kai me kake gani?" Da ina gani zan zo wurinka? Madam, kin yi karatu, kin san a ajiye albasa a saida daga baya ya fi. Ki faɗa musu kai tsaye, ki nuna musu yadda za su samu rance. Talaka ba ya da lokacin hira.

Tsohon Malamin Gona: Ɗan Kwanni, kai shago gare ka, ba ka taɓa zama da manomi ba. Tun zamanin furojen raya karkara na Keita da Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sunka fara a 1984 nike ganin masu zuwa da amsa a aljihu. A Illela, tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwan sama, ba wa'azi ya shigo da ita ba. An kai manoma Yatenga a Burkina a 1989, sunka gani da idonsu, sunka dawo sunka gina ramu a fako, maƙwabta sunka kwaikwaya. Mutum ba ya bin shawarar da ba ta taɓa ciwonsa ba. Ki ce masa ya ajiye albasa, ya ce to Madam, ki juya baya ya saida, don matarsa ta haihu kuma dillali na bakin ƙofa. Ɗiyata, ki ajiye takardar nan cikin mota, ki cika ta da dare.

Ɗiyar Ader: Na gode Baba, amma takardar ba a ajiye ta. A talho muke cikawa, yana nuna wurin da kake da lokacin da ka cika, biro na gani. Kuma ana ba mu yawan mutanen da za mu gani a yini, ba ni da damar zama hira da kowa. Hajiya, shugaban ƙungiya na nan kullum, shi ke tara mani mutane, ba zan ce masa ya tashi ba, ya girmi mahaifina. Ni ma ina gaisuwa sosai kafin in fara, ina tambayar iyali da gajiya, ba haka kawai nake afka musu ba. Direba namiji ne, yana zama majalisa ya sha shayi da su. Ni budurwa in bi magidanci garka ni kaɗai, kun san abin da za a ce.

Malama daga Yamai: 'Yar uwa, ni ma irin aikin nake, da masu ɗinki da masu saida abinci. Ba sai kin jefar da takarda ba. In ya ce rashin jari ki rubuta, sannan ki ce: in yau aka ba ka, ina za ka fara sa shi? In ya ce zai biya wani, kin samu bakin zaren. Daga nan ki riƙa maimaita masa maganarsa ki ce sai me kuma. Amsar farko ta baƙo ce, ta biyu da ta uku su ne nasa. Kafin ku rabu ki tambaye shi wane abu ɗaya zai iya yi kafin kasuwa mai zuwa, ya faɗa da bakinsa. Shef ɗinki ma ki tambaye shi ya nuna miki rapor ɗaya da ya gamsar da shi.

Tsohon Malamin Gona: "In aka ba ka" ɗin nan ita ce ke ɓata aiki, Malama. Gobe gari ya ɗauka an yi alkawarin kuɗi, a fara rubuta sunaye.

Mai Garka: Kuna ta zagin dillali. Ranar da injina ya mutu ana tsakiyar ban ruwa, wa ya ba ni kuɗin gyara da na esansi? Ba furoje ba ne. Shi ya ba ni da dare, ba takarda ba hoto. Yana cin mu, mun sani, amma ku da kuke tambaya sai mun cire albasa kuke zuwa. Kuma Madam, shugaban ƙungiya da kike cewa, a garuruwa da yawa shi ne dillalin ko ƙanensa. Ki bincika naku.

Ɗiyar Ader: Namu dattijon kirki ne, ba na jin haka. Kuma ko sun faɗa mani zancen bashin, a talhon ba gurbin da zan sa shi, zaɓi huɗu ne kawai: jari, kayan aiki, horo, kasuwa. A wanne zan sa?

Ɗan Kwanni: Ki sa jari mana. Ba shi suka ce miki ba tun farko?

Hajiya Mai Asusu: Matan fa? Har yanzu ba ki ce komai kan matan ba, su ma gaban dattijon kike tambayar su?