Abin da Masu Yawan Tafiya Suka Ce Kan Zaɓen Otal

Bakin masu yawan tafiya da suka ba da shawara ya zo ɗaya a kan cewa wurin da otal yake ya fi yawan taurarinsa, wato alamar darajar otal, muhimmanci. A duba taswira a ga nisansa da inda za a yi hidima, domin arhar ɗaki takan ƙare a kuɗin mota. Taurarin ma kowace ƙasa da ma'auninta.

Sun fi tsayawa a kan ra'ayoyin baƙin da suka taɓa sauka. A karanta na watannin baya-bayan nan, musamman masu ƙorafi. Mutum ɗaya ya koka da hayaniya ba komai ba ne, amma idan biyar suka ambaci ƙazantar banɗaki, a haƙura da wurin. Hotunan baƙi sun fi na otal faɗin gaskiya.

Kafin biya, a tambayi jimillar kuɗin har da haraji, da sharaɗin fasa kama ɗaki, da lokacin shiga, wanda galibi ƙarfe 2 ko 3 na rana ne.

Da shiga ɗaki, kafin a buɗe jaka, a ɗaga zanin gado a duba ɗinkin katifa. Baƙaƙen ɗige-ɗige alamar kuɗin cizo ne, sai a nemi wani ɗaki nesa da wannan.