Daga ina za a fara karanta Hergé?

A wata hira, da aka zo maganar gwani a labaran zane, sunan da ya fi yawo a bakin masu hirar shi ne Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam da ya ƙirƙiro Tintin, matashin ɗan jarida da ke tauraron littattafansa, a 1929. Lokacin da yake raye, shi ke tsara labarin, shi ke zanawa.

Shawarar da ta rinjaya ita ce kada ka bi littattafan a jere. Tsallake littafin Tintin a ƙasar Kwango na 1931, inda ya zana baƙar fata da idon raini irin na 'yan mulkin mallaka. Fara da The Blue Lotus na 1936. A nan ne abokinsa Zhang Chongren ya sa ya daina zana ƙasar Sin da ka, ya koma bincike. Hatta rubutun da ke jikin allunan titunan Shanghai Sinanci ne na gaske.

Wasu suka dage kan Tintin in Tibet na 1960, ni ma can na karkata. Babu mugu ko ɗaya a ciki, sai farar ƙanƙara shafi bayan shafi, da Tintin yana neman abokin da kowa ya fid da rai da shi.

An kuma ce a rage gaggawa, don dariyar sau da yawa tana ɓoye a can baya cikin hotunan.