Ɗebo naman ƙwaƙwalwa da allura domin gwaji: yaya haɗarinsa da ingancinsa suke?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Hoton MRI ya nuna wani ƙulli can cikin ƙwaƙwalwar yayana, kuma likitan tiyata ya ce ba zai fara magani ba sai an huda ƙoƙon kai an zura allura an ɗebo ɗan nama an auna. Shin hoton bai isa ya bayyana cutar ba ne, kuma wane haɗari ke tattare da aikin?

Malamin Jinya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Hoto yana nuna wurin ƙullin da girmansa, amma ciwon daji da ƙurji da ƙullin tarin fuka sukan yi kama da juna a hoto, alhali maganinsu ya sha bamban. Aikin ba sabo ba ne, domin tun 1949 Lars Leksell na Suwidin ya ƙera ƙarfen da ake ɗaurawa a kai don saita allura, yanzu kuma kwamfuta ce ke zana hanyar da za ta kauce wa jijiyoyin jini. Babban haɗarin shi ne zubar jini, amma mutuwa ba ta cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ku sanar da likita idan yana shan asfirin ko maganin tsinka jini.

Mai Duba Samfur: Hajiya, ni abin da ya fi damuna shi ne ingancin abin da aka ɗebo. Ana gano cutar a fiye da kashi 90 cikin 100, sai dai naman ɗan mitsitsi ne, kuma ƙarin ƙwaƙwalwa irin wanda ake kira gilayoma ba ya zama iri ɗaya daga gefe zuwa gefe, saboda haka allura tana iya faɗawa ruɓaɓɓiyar tsakiya, ko ta ɗebo sashen da bai yi muni ba, sakamako ya nuna cutar ƙasa da matsayinta. Ki tambaya ko za a ɗebo daga wurare da dama, kuma ko za a duba naman kafin a fito daga ɗakin tiyata.

Ɗalibin Likita: Ƙari a kan bayanin malamaina: kada a ba shi dexamethasone, wato maganin rage kumburi, ba da umarnin likitan tiyatar ba, domin idan cutar limfoma ce, wato dajin ƙwayoyin garkuwar jiki, maganin kan narkar da ƙwayoyinta na ɗan lokaci, a yi aikin a rasa abin da za a gani, har ya kai ga sake hudawa.