Tambaya: wai furotin ɗin da ke raya jijiya ba guda ɗaya ba ne?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka yi fiziyoloji ko likitanci a taimaka min, jarabawa ta matso. A lakca an lissafo mana NGF, BDNF, NT-3 da NT-4 wai duk furotin ne masu raya ƙwayoyin jijiya, to ni abin da ya ɗaure min kai shi ne in dai aikinsu ɗaya me ya kawo har huɗu, sannan in gaskiya ne NGF yana sa jijiya ta tsiro me ya hana a dinga yi wa masu ciwon suga allurarsa, kun dai san yadda tsofaffinmu ke kukan ƙafa na zugi da daddare ko su ce ba sa jin tafin ƙafarsu sam.

Anti Dokta:
Wa alaikumus salam ƙanina. Aikinsu ba ɗaya ba ne, nan ne kowa yake ruɗewa. Su ƙwayoyin jijiyar ai kala kala ne, kuma kowace kala akwai risefta, wato wurin da furotin ɗin ke kamawa, da take ɗauke da shi a jikinta, in babu riseftan da ya dace to ko wanka ka yi mata da furotin ɗin ba za ta san ana yi ba. Kamar cajar waya ne, wutar ɗaya ce amma in bakin bai shiga ba ka tashi a tutar babu. NGF yana kama riseftan da ake kira TrkA, BDNF da NT-4 suna kama TrkB, NT-3 kuma nasa TrkC ne duk da yakan ɗan taɓa sauran biyun.

To su wa ke da TrkA? Ƙananan jijiyoyin da ke ɗaukar ciwo da zafi da sanyi daga fata, da jijiyoyin simfatetik masu kula da gumi da bugun zuciya da matsewar hanyoyin jini, sai wasu 'yan ƙwayoyi a ƙasan gaban ƙwaƙwalwa masu amfani da sinadarin aika saƙo da ake kira asetilkolin, waɗanda suke lalacewa a cutar Alzheimer. NT-3 shi nasa manyan jijiyoyin nan ne da suke gaya maka inda hannunka yake ko da idonka a rufe, ɓeran da aka cire masa ƙwayar halittar da ke ƙera NT-3 ana haifarsa babu waɗannan jijiyoyin, gaɓoɓinsa a wani bankare, ya kasa sarrafa su. BDNF kuma yana riƙe da jijiyoyin cikin kunne masu hana mutum tangaɗi, a ƙwaƙwalwa kuma shi ne ya fi yawa, musamman wajen ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi a hifokamfus inda ake koyo da tuna abu.

Tun farkon gano abin ma aka ga wannan bambancin. A farkon shekarun 1950 Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya da ke aiki a Jami'ar Washington ta St. Louis a Amurka, ta dasa wani ƙari na ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, sai jijiyoyin ji da na simfatetik suka yi ta tsirowa suna cika wajen, amma jijiyoyin da ke motsa tsoka ko kallonsa ba su yi ba. Abokin aikinta Stanley Cohen ne ya tace furotin ɗin, wato NGF, abin dariyar ma ya zuba dafin maciji ne don ya narkar da wasu sinadarai a samfurin sai ya tarar dafin ya fi ƙarin ɗauke da abin, daga nan suka koma kan gilan ɗin yawu, wato sashen da ke samar da yawu, na namijin ɓera. Su biyun aka ba Nobel a 1986. BDNF sai a 1982 masana Barde da Thoenen suka tace shi a Jamus daga ƙwaƙwalwar alade.

In kana so ya zauna maka a kai ka tuna cutar CIPA, yaron da aka haifa TrkA ɗinsa ba ya aiki. Zai ciji harshensa har jini yana zuba yana wasansa, ya taka garwashi bai ɗaga ƙafa ba, kuma ba ya gumi ko ɗigo, ka ƙiyasta irin wannan yaron a zafin watan Afrilu na Kano, jikinsa sai ya ɗau zafi kamar zazzaɓi alhali ba maleriya ba ce. Amma ka shafa shi zai ji, kuma yana tafiyarsa, don jijiyoyin taɓawa da na motsi ba da NGF suka dogara ba.

Mai Kemis Fagge:
Anti ta gama magana, bari in amsa ɓangaren allurar. An gwada fa, ba wai ba a yi tunanin ba. An yi wa masu ciwon suga allurar NGF a babban gwaji, sakamakon ya fito a 2000 bai fi allurar banza ba, ga shi wajen da aka yi allurar sai ya dinga ciwo, domin a jikin babba NGF ba raya jijiyar ciwo kawai yake ba, ƙara mata kaifi yake. Shi ya sa ma kamfanoni suka juya suka ce to a toshe shi a rage ciwo, Pfizer da Lilly suka yi wani magani mai suna tanezumab don ciwon gwiwa da ƙugu, ciwon ya ragu kam amma wasu gaɓar tasu ta dinga lalacewa da sauri, a 2021 suka ajiye shi. Inda NGF ya yi nasara shi ne ido, akwai ɗigon Oxervate da Amurka ta amince da shi a 2018 don gyambon baƙin ido da ke zuwa in jijiyar wajen ta mutu, kuma tsadarsa ba ta talaka ba ce. Don haka duk mai mota da lasifika da ya ce maka garin maganinsa yana tsiro da jijiya, ka riƙe kuɗinka. Tsohon da ke kukan ƙafa a kai shi asibiti a daidaita sugan, a duba bitamin B12 ɗinsa in ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, kuma kullum a leƙa tafin ƙafar da tsakanin yatsu ko akwai rauni.

Ɗan Kurna:
Kai, Allah ya saka da alheri Anti, na gode Yallaɓai. Saura guda ɗaya, a handawut akwai p75 shi kuma ina ya faɗa? Sannan jijiyoyin motsi da aka ce ba ruwansu da NGF su wa ke ciyar da su?

Anti Dokta:
p75 shi ma risefta ne, duk huɗun suna kama shi. In yana tare da Trk yana taimaka masa ya tantance nasa furotin ɗin, in kuwa shi kaɗai ne, musamman in ɗanyen furotin ɗin da ba a datse ba wato proNGF ya kama shi, zai iya sa ƙwayar ta kashe kanta. Kada ka ga kamar ɓarna ce, jiki yana ƙera jijiyoyi fiye da buƙata tun a ciki, a wurare da yawa kusan rabi ke mutuwa, wadda ta isa fata ko tsoka ta samu furotin ɗin ta jawo shi ta cikin doguwar igiyarta zuwa uwar ƙwayar ita ke rayuwa. Na motsi kuma suna amsa BDNF da NT-3 da wasu furotin biyu, CNTF da kuma GDNF, shi GDNF gidansu daban ne, ta riseftan RET yake aiki, a 1993 aka gano shi kan ƙwayoyin dofamin masu mutuwa a cutar Parkinson, an ma gwada zuba shi kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa tunda ta jini ba ya ƙetarawa amma gwajin bai ba da abin da aka so ba. Masu saita tambaya suna son haɗa risefta da kalar jijiya, ka zana tebur ɗinka da hannu kafin ka shiga.