Wa ya kashe masaƙun Kakuri?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗa ko da za a ji haushina: ƙungiyar ƙwadago ce ta kashe masaƙun Kaduna. Yau yajin aiki, gobe a ƙara albashi, jibi a tare ƙofa. Wane mai kuɗi ne zai zuba dukiyarsa inda leburansa ke juya shi?

Baban Kakuri: Wa alaikumus salam. Yaro, shekara 19 na yi a ɗakin saƙa, har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai saboda ƙarar injin. In jiniyar canjin aiki ta kaɗa, kekuna sai su toshe titi, masu koko da ƙosai ba sa kai hantsi. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ke Kakuri ta fara saƙa tun 1957. A 1978 aka haɗe ƙungiyoyinmu wuri guda, KTL kuwa ba ta rufe ba sai 2002. In ƙungiya guba ce, lallai ta yi nawar kisa.

Ɗan Kwari: Allah ya huci zuciyarka Baba. To me ya kashe su?

Baban Kakuri: Leƙa shagonka ka gani. Atamfar Sin ce jibge, wadda ake saukewa a Kwatano a zagayo da ita ta Maraɗi. SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki na 1986, ya karya naira, kayan gyaran injin suka gagara. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ga NEPA ba wuta, ga baƙin man da ake hura tukunya da shi ya yi tsada. Wanne ne a ciki muka yi da hannunmu?

'Yar Sharaɗa: Ku bar tuna baya. Ni a wani kamfanin roba na yi aiki a Kano, awa 12 a tsaye, shekara biyu ba takardar ɗaukar aiki, alhali doka ta ce a ba ka cikin wata uku. Wai mu 'yan wucin gadi ne. Da injin ya datse wa wani yaro yatsu biyu, kuɗin mota kawai aka ba shi. Muka fara rubuta sunaye mu shiga ƙungiya, takardar ta faɗa hannun sufabaiza. Ranar Litinin maigadi ya karɓe katinmu a bakin get, mu tara. Can babu ƙungiya, Ɗan Kwari, amma kullum kukan asara suke.

Ɗan Kwari: Allah ya saka muku. Amma Baba, Oshiomhole daga masaƙar Arewa ya taso, ya riƙe NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga 1999 zuwa 2007, ya zama gwamnan Edo. Ku kuma fa?

Baban Kakuri: Nan kam ka sosa min inda ke ƙaiƙayi. Abokan aikinmu da yawa sun rasu suna jiran garatuti, manya na Abuja cikin sanyin ofis. Ban yafe wannan ba. Sai dai naira 125 ta mafi ƙarancin albashi a 1981 ba kyauta aka ba mu ba, yajin aikin gama-gari Hassan Sunmonu, shugaban NLC na lokacin, ya ja a zamanin Shagari.

'Yar Sharaɗa: To Baba, na samu wani aikin a rukunin masana'antu na Challawa a Kano. Yaya za mu yi kar a maimaita?

Baban Kakuri: 'Yata, kar a sake rubuta suna a cikin kamfani. Mu a teburin mai shayi muke haɗuwa bayan isha'i, mutum uku-uku, kuma sai da jami'an ƙungiya suka san da mu kafin manaja ya ji ƙishin-ƙishin.