Dodon Loch Ness: tunda kifin da aka ce ya ƙare ya dawo, me zai hana shi?

Kawu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Magana nake tafe da ita a kan dodon tafkin Loch Ness na ƙasar Sikotland, wanda suke kira Nesi. Ni na tsaya a kan cewa akwai wata babbar dabba a ruwan nan da ilimi bai kai gare ta ba tukuna. Tun 1933 ake ta ba da labarin abu mai dogon wuya da doro yana ɓullowa ya nutse, kuma rahotannin da aka tattara sun haura dubu. Ruwa ba ya tsami banza. Babbar hujjata kuwa kifin nan ne silakant. Masana sun rantse ya ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce, sai ga shi masunta sun jawo shi a gaɓar Afirka ta Kudu a Disambar 1938. Wanda ya yi kuskure a kan kifi, me zai hana ya yi a kan dodo?

Malama: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Ai wannan kifi da ka kawo, shaidata ne, ba taka ba. Duba yadda aka yi. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da gidan tarihi na garin East London da ke Afirka ta Kudu, ita ta hango shi cikin tarin abin da jirgin ya kamo: shuɗi, tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi, fikafikansa masu kauri kamar gaɓoɓi. Ta sa aka kai shi gidan tarihi, ta zana shi, ta aika wa masanin kifi J.L.B. Smith. Gawa ce a kan tebur, ana taɓawa, ana ƙirga ɓawonta. A 1952 aka samu na biyu a tsibiran Komoros, daga baya aka gano wani jinsinsa a Indonesiya. Ba wanda ya ce a yarda da silakant don wani ya hango shi daga nesa. Nesi fa? Sama da shekara 90 ana nema, babu ƙashi ɗaya, babu haƙori, babu mushe a bakin ruwa.

Auta: To Malama, hoton nan fa da kowa ya sani, baƙi da fari, kai da wuya sun fito daga ruwa? An ce likita ne ya ɗauka, ba mutumin banza ba.

Babban Yaya: Auta, zauna ka ji tarihin hoton nan, don shi ya fi komai ɓata min rai a wannan lamari. A ƙarshen 1933 jaridar Daily Mail ta tura wani mafarauci, Marmaduke Wetherell, ya nemo dodon. Bai jima ba ya ce ya ga manyan sawaye a bakin tafkin. Aka ɗauki samfurinsu aka kai gidan tarihin halittu na Landan, masana suka duba suka ce wannan ƙafar dorina ce, kuma ƙafa ɗaya ce aka yi ta dangwalawa a laka, irin busasshiyar ƙafar da ake ajiyewa don ado. Dorina a Sikotland! Wetherell ya sha kunya. A Afrilun 1934 sai ga hoton da kake faɗa a jaridar, da sunan likita Robert Kenneth Wilson. Sai a 1994 asiri ya tonu a bainar jama'a: Christian Spurling, agolan Wetherell, ya bayyana kafin rasuwarsa cewa shi ya ƙera kan da wuyan ya ɗora a kan jirgin wasan yara mai nutso. An sa sunan likita ne don a yarda. In ka ga cikakken hoton da ba a yanke gefensa ba, za ka ga abin ɗan ƙarami ne a tsakiyar ruwa. Shekara 60 mutane na kafa hujja da shi.

Kawu: Na ji, kuma ban kare maƙaryaci ba. Amma jabun hoto ɗaya ba ya soke shaidar mutum dubu. Kuma labarin ya girmi Wetherell da jaridarsa. Tun wajen shekara ta 565 aka ce wani malamin Kirista, Kolumba, ya yi arba da dabbar ruwa a wurin.

Malama: A kogin Ness aka ce, Kawu, ba a tafkin ba, kuma wanda ya rubuta labarin ya rubuta ne bayan kimanin shekara ɗari, cikin littafin karamomin Kolumba. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne me ya sa gani ya yawaita a 1933 tak. A shekarar ne aka gama gyaran hanyar mota da ke bin gefen tafkin, aka sare itatuwa, ruwa ya fito fili ga matafiya. Jaridar Inverness Courier ta buga labarin farko a watan Mayu, ta yi amfani da kalmar dodo, daga nan kowa ya zo da abin da yake sa ran gani a ransa.

Gwaggo: Ni abin da ba na so shi ne a mai da mutane maƙaryata ko mahaukata. Cikin masu ba da shaidar nan akwai dattawa, akwai waɗanda a bakin ruwan aka haife su. Mutum ya ce ya gani da idonsa, ke kina nesa ki ce bai gani ba?

Malama: Wallahi Gwaggo ban ce ƙarya suke ba. Yawancinsu sun ga wani abu da gaske. Rigimar a kan mene ne abin take. Tafkin nan dogo ne siriri, kusan kilomita 36, gefensa tsaye kamar bango, kuma jirage na ratsa shi don yana cikin mashigin Kaledoniya, hanyar jiragen ruwa da ta ratsa Sikotland. Ranar da ruwa ya kwanta luf, jirgi zai wuce ya ɓace wa ido, amma igiyar da ya tayar tana nan tana tafiya, ta daki gaɓa ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya. Wanda ke tsaye a kan hanya sai ya ga abubuwa kamar duwatsu baƙaƙe uku ko huɗu a jere suna tafiya, babu jirgi a kusa. Ga gungumen itace, ga tsuntsayen ruwa, ga barewa mai iyo da kai a sama, ga sil, wata dabbar teku mai shayarwa, da kan biyo kifi ta kogi ta shigo daga teku. Kuma a kan faffaɗan ruwa ido ba shi da abin auna girma. Mutumin kirki zai iya rantsuwa a kan abin da ya gani, rantsuwarsa gaskiya, fassararsa kuskure.

Babban Yaya: Ƙari a kan haka, masu cewa ragowar dabbar zamanin da ce, filesiyoso, wata dabbar ruwa mai dogon wuya daga dangin masu rarrafe, su tuna cewa kimanin shekara 10,000 da suka wuce wurin nan ƙanƙara ce ta rufe shi. Ina dabbar ta zauna duk miliyoyin shekarun nan? Sannan dabba ɗaya ba ta rayuwa ƙarni bayan ƙarni, sai da garke mai hayayyafa. Kifin da ke tafkin duka an kiyasta bai wuce kimanin tan 20 ba, don ruwan sanyi ne, baƙi ƙirin da ɓurɓushin ruɓaɓɓen ganye, haske ba ya shiga da nisa. Kuma filesiyoso iska yake shaƙa. Da garkensu na ciki, da kullum sai an ga kawuna.

Kawu: Duhun ruwan da ka faɗa ai ni yake taimaka wa. Zurfinsa ya kai mita 230, ruwan cikinsa ya fi na dukan tafkunan Ingila da Wales a haɗe. Kuma a 1987 da aka jera jirage sama da 20 suka share tafkin da na'urar sona, mai gano abin da ke cikin ruwa ta hanyar sauti, ba sun ci karo da abubuwa uku da suka kasa bayyanawa ba?

Auta: Haka ne Kawu, amma a 2003 BBC ta sake yin irin wannan da na'urori masu ƙarfi, ba ta samu komai ba. Ni wanda ya fi kama hankalina shi ne na 2018. Farfesa Neil Gemmell na jami'ar Otago a Niyu Zilan ya ɗebi ruwa sau 250 daga sassa da zurfi daban-daban, don duk abin da ke rayuwa a ruwa yana zubar da ƙwayoyin halittarsa ta fata da majina da kashi. Sakamakon ya fito a 2019: babu alamar dabba mai rarrafe ko ɗaya. Abin da ya cika ko'ina shi ne na kifin il, dogon nan mai siffar maciji.

Kawu: Madalla! To ga dodona nan. Ƙaton il ne da ya wuce misali. Shi kansa farfesan bai kore wannan ba.

Malama: Bai kore ba, don gwajin ba ya nuna girma. Ƙananan il dubbai da ƙato ɗaya duk alama iri ɗaya za su bari. Amma il na Turai da wuya ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, kuma ba ya ɗaga wuya sama ya yi iyo. Ka lura Kawu, mun taso daga dabbar da ta shekara miliyan 66 mun sauko kan kifin da kowane masunci a can ya sani.

Gwaggo: To teku fa? Nan ma za ku ce babu komai?

Malama: A'a Gwaggo, nan kam ina tare da Kawu ɗari bisa ɗari, kuma abin na burge ni. Teku ba tafki ba ce mai bango huɗu. Ƙaton sukwid, wata dabbar teku mai hannaye goma, wanda matuƙan jirgi suka daɗe suna ba da labarinsa, gaskiya ne. Sai a 2004 masanan Japan suka ɗauki hotonsa da rai a zurfin ruwa, bidiyo kuma a 2012. Amma tun kafin nan ana tsintar gawarsa a gaɓa, ana samun bakinsa a cikin tumbin wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, har an raɗa masa suna tun 1857. Wani kifin shak mai ƙaton baki kuwa ba wanda ya san da shi sai 1976, da ya sarƙe a kayan wani jirgin sojan ruwan Amurka kusa da Hawai.

Babban Yaya: Sai dai ko a tekun a riƙa dubawa. A 1977 jirgin kamun kifi na Japan, Zuiyo Maru, ya jawo wani ruɓaɓɓen mushe mai tsawon kusan mita 10 kusa da Niyu Zilan, ƙaramin kai, dogon wuya, sak filesiyoso. Wari ya sa suka mai da shi ruwa, amma wani ma'aikaci ya ɗauki hoto ya yanki ɗan fiffike. Gwaji ya nuna wani babban shak ne mai tace ƙananan halittu. In ya ruɓe, muƙamuƙi da maƙogwaro ke fara zubewa, sai a bar ƙoƙon kai a kan ƙashin baya.

Kawu: Na karɓi na teku da hannu biyu. Na tafkin kuwa ban sauka ba. Abubuwa ukun nan na 1987 har yanzu ba wanda ya nuna min su ya ce ga sunansu.

Malama: An ce mai yiwuwa sil ne ko taron kifi, amma gaskiyarka, ba a kama su an gani ba. Ni dai ba zan kira su dodo ba sai an kawo abin da za a ɗora a kan tebur, ko haƙori ɗaya ne.

Auta: Kawu, in ƙaton il ne ka koma, nawa ne tsawon da za ka yarda ya isa a kira shi Nesi? Mita biyu ko goma?

Kawu: Huɗu ma ya ishe ni, ɗana. Kuma a sa ƙugiya a nema, a daina jiran masu ɗaukar hoto daga bakin hanya.